Aure a Bakin Annoba: Fiƙihun Malikiyya da Rikicin Ma'aurata daga Amwas zuwa Korona

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure yana biya Risala ko Muhtasar ya san akwai wasu babuka da ɗalibi kan wuce su a gurguje, yana ganin ba ranar da za su shafe shi. Daga cikinsu akwai hukuncin sakin da majinyaci ya yi, da na matar da mijinta ya ɓata, da na dangin da suka mutu tare ba a san wanda ya riga wani ba. In muka bi tarihin waɗannan hukunce-hukunce za mu tarar da yawansu a cikin annoba suka girma, kuma malaman da suka tsara su mutane ne da suka binne iyayensu da malamansu da 'ya'yansu a shekarun ɗa'uni. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, a duk inda annoba ta shiga tsakanin miji da mata, mazhabar Malikiyya, wadda da ita ake shari'a a ƙasar Hausa, ta fi karkata ga tsare matar daga abu biyu: a yanke ta daga gado, ko a bar ta rataye, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Daga nan kuma mu duba inda wannan kariya ta yi rauni a shekarar 2020.

Amwas da sakin majinyaci

A shekara ta 18 bayan Hijira, wato 639 Miladiyya, ɗa'uni ya ɓulla a garin Amwas na ƙasar Falasɗinu, ya bazu cikin rundunar Musulmi da ke Sham. Marubuta tarihi na farko sun ce ya ci rayuka wajen 25,000, ciki har da Abu Ubaida ɗan Jarrahu da Mu'azu ɗan Jabal da Yazidu ɗan Abu Sufyan. Labarin da aka fi ji a kan mumbari shi ne na komawar Halifa Umar daga Sargu, bayan Abdurrahman ɗan Aufu ya sanar da shi umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana fita daga cikinsa. Abin da ya biyo baya ne ba a cika faɗa ba. Ɗabari ya kawo cewa da cutar ta lafa Umar ya nufi Sham da kansa, kuma cikin abubuwan da suka kai shi har da gadon mamata da ya cuɗe. Gida guda kan mutu ƙurmus cikin 'yan kwanaki, a rasa wanda zai ce miji ne ya riga mata ko mata ce ta riga miji. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa duk sun tafi a kan cewa waɗanda suka mutu haka ba sa gadon juna, dukiyar kowa tana komawa ga magadansa masu rai.

Wani abin lura shi ne, shi wannan Abdurrahman ɗan Aufu da ya ruwaito hadisin killace gari, a gidansa ne aka sami shari'ar da ta zama ginshiƙin babin sakin majinyaci. Ya saki matarsa Tumadir 'yar Asbagu saki na ƙarshe yana cikin ciwon da ya zama ajalinsa, a zamanin Halifa Usman. Da ya rasu, Usman ya ba ta gadonta, alhali iddarta ta riga ta cika. Haka Malik ya kawo labarin a Muwaɗɗa. Ba wanda ya zargi sahabi irin Abdurrahman da nufin zalunci, ballantana ma ruwayar ta nuna ita ce ta nemi sakin tun yana da lafiya. Amma Usman ya hango ƙofar da za ta buɗe in aka bar mai ciwon ajali ya riƙa fitar da matarsa daga cikin magada da kalma ɗaya, sai ya toshe ta tun daga kan mutumin da ba a tuhuma.

A nan mazhabobi suka rabu. Hanafawa suka ce matar tana gado in mijin ya mutu tana cikin idda. Hambalawa suka ce tana gado ko bayan idda, muddin ba ta yi wani aure ba. Shafi'i, a maganarsa ta ƙarshe, ya ce ba ta gado sam, tun da aure ya yanke. Malik ya fi kowa nisa: tana gado ko ta gama idda, ko ta yi wani aure, kai ko da hul'i aka rabu, matuƙar dai a cikin wannan ciwon ya mutu. Ita kuwa in ta riga shi, ba ya gadonta. Ta ɗaya gefen kuma Malikiyya ta hana mai ciwon ajali ɗaura sabon aure, in an ɗaura a warware, domin kada ya shigo da wata ta rage wa uwargida tumuninta. Duk wanda ya san yadda gidan mai mata biyu ko uku kan kasance in maigida ya kwanta ciwo, da yadda 'ya'yan wannan ɗaki kan kewaye shimfiɗarsa suna zuga shi a kan wancan ɗaki, ya san amfanin wannan hukunci ba sai an yi masa dogon sharhi ba.

Annoba ta ƙara wa mas'alar wani reshe. In cuta ta game gari, mutane na faɗuwa hagu da dama, shin wanda bai kamu ba tukuna mai lafiya ne a idon shari'a, ko hukuncinsa na majinyaci ne? Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya rinjayar da cewa halin tsoro ne ko ga wanda cutar ba ta taɓa ba, saboda haka kyautar da ya yi ba ta wuce sulusin dukiyarsa. Wasu malamai suka ce mai lafiya ne har sai ya kamu. Ibn Hajar na Askalan, wanda ɗa'uni ya ɗauke masa 'ya'ya mata uku a Alƙahira, ya koma kan wannan tambaya a littafinsa Bazlul Ma'un. Tambayar tana da nauyi, domin mutumin da ya ga mutuwa a ƙofar maƙwabcinsa yana iya yin irin lissafin da mai ciwon ajali ke yi, ya rabar da gonaki ga wanda ya so, ya sallami matar da ba ya so ta ci gadonsa.

Mijin da ya ɓata

Babin da annoba ta fi barin sawunta a cikinsa shi ne na mafƙudi, wato mijin da ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa. A ƙa'idar Malikiyya, in mutum ya ɓata a ƙasar Musulmi a lokacin zaman lafiya, matarsa takan kai ƙara, a bincika, in ba a sami labari ba a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, ta yi aure. Wannan kuwa in ya bar abin da za a ciyar da ita ke nan, in bai bari ba tana da damar neman saki saboda rashin ciyarwa tun kafin nan. Dukiyarsa ba a raba ta sai an kai shekarun da tsararrakinsa ba su cika wucewa ba, galibi 70. Ko a haka Malikiyya ta fi sauƙi, domin tsohon hukuncin Hanafiyya ya sa matar ita ma ta jira har tsararrakin mijin su ƙare.

Amma in a lokacin annoba ya ɓata, hukuncin ya sauya. Masu sharhin Muhtasar sun naƙalto daga Lahmi, malamin Ƙairawan da ya rasu a 1085, cewa wata shekara tari ya faɗa wa matafiya a hanyar Makka, mutum ya ɗan yi tari kaɗan sai ya mutu. Alhazai da dama ba su dawo ba, ba a kuma ji labarin rai ko mutuwa ba. Malik ya ga a ɗauke su matattu, a raba dukiyarsu, ba tare da an yanka musu wa'adin mafƙudi ba. A kan wannan aka gina cewa wanda ya nufi garin da ake ɗa'uni, ko ya ɓata a zamaninsa, matarsa za ta shiga takaba bayan annobar ta wuce an kuma bincika, ba sai ta ƙirga shekara huɗu ba. An haɗa da wanda ya ɓata a shekarar yunwa.

Wanda ya sanya wannan hukunci a littafin da alƙalanmu ke buɗewa shi ne Halilu ɗan Ishaƙa, kuma ya dace mu tuna a wane zamani ya rayu. Babbar annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta sauka a Iskandariyya a 1347, ta mamaye Alƙahira a 1348 da 1349. Masana na ƙiyasta cewa ta kashe wajen sulusin mutanen Masar da Sham. A Tunis ta ɗauke iyayen Ibn Haldun duka biyu, Ibn Baɗuɗa kuma ya tarar da ita a Dimashƙa. A Alƙahira, a shekarar 749 ta Hijira, malamin Halilu, Shehu Abdullahi Manufi, ya rasu a tsakiyarta, kuma Halilu ne ya rubuta tarihin rayuwarsa. Saboda haka 'yan kalmomin da ya taƙaita hukuncin ɗa'uni a cikinsu, waɗanda ɗalibi a Madabo ko Zariya kan haddace ya wuce, na mutumin da ya ga matan da mazansu suka fita ba su komo ba ne.

Shekarar marisuwa

Ƙasar Hausa ta ga irin tarin hanyar Makka da idonta. A ranar 14 ga Satumba 1918 jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Ikko daga Gwalkwas ɗauke da masu murar da ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cutar ta bi layin dogo, wanda ya isa Kano tun 1911, ta kuma bi kogunan Kwara da Binuwai, kafin ƙarshen shekara ta ratsa Arewa. Dattawa sun riƙe ta da sunan marisuwa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Saɓanin mura ta yau da kullum, ta fi cin masu shekara 20 zuwa 40, wato daidai masu aure da ƙananan yara.

Mu dubi su wa ke kan hanya a wannan kaka. Akwai fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, da leburorin kuza a Jos, da na jirgin ƙasa, da sojoji da 'yan alaro masu dawowa daga yaƙin Gabashin Afirka, ga kuma mahajjata masu ratsa Wadai da Darfur a ƙasa, waɗanda ko lafiya lau tafiyarsu kan ɗauki shekaru. Wanda ya faɗi a zango cikin waɗannan, in ya sami masu binne shi ma ya yi sa'a, ballantana mai kai labari gida. Shekara huɗu kacal kafin nan kuma an yi yunwar Kakalaba ta 1914, wadda ita ma ta watsa magidanta. Ke nan cikin shekara biyar an sami duka dalilai biyu da littafi ya ambata na gajarta jiran matar mafƙudi. Turawan mulkin mallaka sun bar shari'ar aure da gado a hannun alƙalai, kuma sun sa an riƙa rubuta ƙararraki a rajista. Allan Christelow ya fassara wani kashi na shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga a 1994. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai yi abin kirki in ya bi rajistocin alƙalai na 1918 da 1919 a Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna da wannan tambaya ɗaya: nawa ne daga cikin matan da suka zo neman a raba aure aka ba su hukuncin zamanin annoba?

Dokar kulle

Korona ta zo da wata fuska da magabata ba su saba da ita ba. An sami mai cutar na farko a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020. Daga 24 ga Maris Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya dakatar da zaman kotuna, sai fa shari'un gaggawa. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya bayan 'yan kwanaki, ranar 16 ga Afrilu aka rufe Kano, mako guda kafin azumi, daga bisani aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. An yi mace-mace, musamman na dattawa a Kano cikin Afrilu, amma rikicin aure na wannan karo daga zaman tilas ya fito. Hausawa suka raɗa wa abin dokar kulle, suna aron sunan abin da mata suka daɗe a cikinsa. Maza suka ɗanɗana shi na 'yan makonni suka ce ba za su iya ba.

Wuta ta fara tashi ne daga tukunya. Magidancin da sai ya fita Kantin Kwari ko Singa ko tashar mota yake samo cefane ya wayi gari ba fita, ba kuma ajiya. Malikiyya ta ba mace haƙƙin neman saki in miji ya kasa ciyarwa, sai dai in ta aure shi tana sane da talaucinsa. Amma alƙali ba ya saki nan take, yakan ba mijin wa'adi gwargwadon yadda ya ga hali, kuma sakin na kome ne: in ya sami abin ciyarwa kafin idda ta cika, ya mai da matarsa. A ganinmu wannan hukunci ya yi daidai da shekarar korona, domin ya bambanta wanda ya ƙi da wanda ya kasa, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga talaucin da ake sa ran wucewarsa. Matsalar ita ce maza da yawa ba su jira alƙali ba. Kunyar rashin abin cefane ta koma faɗa, faɗa ya koma furuci, ga shi kuwa a mazhabarmu sakin mai fushi yana aukuwa muddin hankalinsa bai gushe ba, saki uku a kalma ɗaya kuma uku ne. Masar ta mai da shi ɗaya a dokarta tun 1929, bisa ra'ayin Ibn Taimiyya.

Sai batun duka da zagi. A watan Yuni 2020 gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata, abin da ke nuna yadda lamarin ya kai. Al'adar Bahaushe tana da tata hanyar rage zafi: mace ta yi yaji, iyaye su ji ta bakinta, miji ya aiko biko. Hana fita ya toshe wannan hanya, musamman ga wadda iyayenta ke wata jiha. Abin mamaki, dokar ta tilasta wa wasu abin da farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya yi umurni da shi aka daɗe ana take shi, wato mace ta yi idda a ɗakinta, kuma ba mamaki hakan ya ceci wasu aurarrakin. Amma ga wadda ake duka, an kulle ta ne da mai dukanta.

Littafi bai bar irin wannan mata haka ba. Malikiyya ta ba ta damar a sake ta saboda cutarwa ko da sau ɗaya aka tabbatar, kuma ta sassauta hanyar tabbatarwa. Ibn Asim na Garnaɗa, mai Tuhfatul Hukkam da ya rasu a 1426, ya nuna ana karɓar shaidar ji, wato abin da ya bazu a bakin maƙwabta. In ba shaida, alƙali ya sa a zaunar da ma'auratan cikin mutanen kirki masu sa ido. In abin ya ci tura, a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, kuma a wurin Malik su biyun masu hukunci ne: in suka ga a raba, an raba, ko miji bai so ba. Sai dai kowane mataki a nan yana bukatar mutane, maƙwabci mai ji, kawu mai zuwa, alƙali mai zama. A gidan haya na Agege ko Mushin, inda ɗaki ke jikin ɗaki, shaidar ji ba ta yi wuya ba, kotun ce babu. A gidan da ke da katanga da ƙofar ƙarfe kuwa, babu shaidar, babu kotun. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sa wa shari'ar saɓanin ma'aurata iyakar wata 6 a dokar iyali ta 2004. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya sanar da daftarin dokar iyali a 2017, amma har aka sauke shi ranar 9 ga Maris 2020, ana saura 'yan makonni a rufe gari, daftarin bai zama doka ba.

Akwai wata ƙa'ida a cikin babin mafƙudi ɗin nan da muke ganin ita ce ta fi dacewa da halin da aka shiga. Halilu ya jera waɗanda mace za ta kai wa ƙara: alƙali, ko mai mulkin gari, ko jami'in karɓar zakka, in duk babu sai jama'ar Musulmi, wato mutanen kirki na wurin su tsaya a matsayin alƙali. Malaman Indiya sun ga darajar wannan ƙa'ida. Da matan Hanafawa suka rasa hanyar fita daga auren da ya mutu, har wasu suka riƙa yin ridda don aure ya warware, Ashraf Ali Tanawi ya nemi fatawa daga malaman Malikiyya na Madina, ya wallafa littafi a kai a farkon shekarun 1930, kuma wannan yunƙuri na cikin abin da ya haifar da dokar raba auren Musulmi ta 1939 a can.

Mu da ke zaune a Kudu mun fi kowa sanin wannan hali, domin a jihohin Yarbawa babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati ko da annoba ko babu. A Sabo ta Badun da Shagamu da Agege da Idi-Araba, rikicin aure a gaban Sarkin Hausawa da limami yake ƙarewa, tun 2002 kuma akwai kwamitocin shari'a masu zaman kansu a Legas da Badun, waɗanda hukuncinsu ya dogara ga yardar masu ƙara. A watannin kulle dubban 'yan ci-rani sun maƙale a nan ba sana'a ba hanyar gida, matansu na can Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ba aike. Wasu sun yi saki ta waya, wasu sun yi shiru. Matar da ke can tana bukatar wanda zai tabbatar wa alƙalin garinsu cewa mijin yana raye, kuma rashi ne ya hana shi aike, ko kuwa ya sake ta ranar kaza a gaban wane da wane, domin daga ranar ce iddarta ke farawa. Wannan aiki ne da majalisar limami da Sarkin Hausawa za su iya yi da littafin rajista guda da hatimi, in har manyan alƙalan jihohin Arewa za su yarda su riƙa karɓar takardar da ta fito daga gare su a matsayin shaida.